Wa Ya Tayar Da Barkono?

Lafia,
6 ga Maris, 1988.

Zuwa ga Yayana Abdulsalami,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da Yaya Jumai da yara kuna cikin ƙoshin lafiya, sanyin Jos bai hana ku sakat ba. Mu nan zafi ya sa mu gaba, amma mun gode Allah.

Yaya, zan sayar da Barkono. Na san za ka yi dariya, tunda kai ne ka ce sai dai a binne ni da motar nan. Likita ya duba idona na hagu ya ce yanar ido ce ta fara, ya kuma hana ni tuƙi. Motar da ba a hawa kuwa lalacewa take yi a tsaye, ni ba zan iya zama ina kallonta tana ruɓewa a garejina ba.

Ka tuna yadda na same ta a tamanin da ɗaya, a tsohuwar gonar Baturen nan ta hanyar Doma? Ƙarƙashin ɗorawa take, tayoyi sun nutse a ƙasa, kaji na yin ƙwai a kujerar direba. Da na ɗauko ta a bayan tirakta, 'yan tasha suka bi ni da ihu wai Kalilu ya sayo akurki. Shekara bakwai ina kanta. Yau in na tayar da ita a bakin kasuwa, masu doya sai sun bar ciniki sun juyo, kuma waɗanda suka ce akurki su ne suka raɗa mata Barkono, don ja ce, ƙarama ce, ga zafi.

Ga abin da za ka gaya wa mai saye. Ƙirar Ingila ce ta shekarar hamsin da tara, kujera biyu, rufin tamfol. Guda ɗari biyu da hamsin kaɗai kamfanin ya yi ya daina, tawa ita ce ta sittin da ɗaya, lambar na nan a farantin tagulla kusa da sitiyari. A hanyar Assakio ta sha wuce Fijo sabuwa fil kamar an ɗaure Fijon.

A Lafia babu mai sayenta. Wani Alhaji ya zo ya zagaya ta ya tambaye ni ina za a sa buhu. Shi ya sa na ce kai ne dillalina, tunda sayar da motoci sana'arka ce kuma kana cikin masu abin hannu. Abu ɗaya nake roƙo: a samo wanda zai hau ta, kuma ya san hannun wanda ya tayar da ita.

Barira tana gaishe ku. Na ba Ushahemba direba doya ya kawo muku tare da takardar nan.

Ka huta lafiya.
Ƙanenka,
Kalilu Makanike.

Jos,
20 ga Maris, 1988.

Kalilu,

Wa alaikumus salam. Doya ta iso, an gode. Allah ya sawwaƙe idon, kada ka yi wasa da maganar likita.

Na samo maka mutum. Sunansa Mista Aloysius, yana da babban otal a nan, tara tsofaffin motocin Turawa ne abin da yake kashe kuɗinsa a kai. Da na faɗa masa lambar nan ta sittin da ɗaya, sai da ya ajiye kofin shayinsa. Zai zo Lafia ran Asabar tara ga wata mai zuwa da injiniyansa, wani Francis. Ni ba zan samu zuwa ba, ƙafar nan ta sake tashi.

To saurara da kyau. Irin mutanen nan orijinal suke saye. Na gaya masa wani Bature ne ya gyara ta a Kaduna, kuma kowane ƙarfe daga Ingila aka yo odarsa. Kai mai mota ne kawai, ka gaje ta a wajen ubangidanka. Kada ka ɓata rai. Wa zai ba da kuɗin kirki a kan motar da aka gyara a gindin mangwaro a bayan tashar Lafia?

Saboda haka ka fitar da ita daga garejin nan naka, ka kai ta ƙofar gidan abokina Alhaji Sha'aibu inda akwai siminti. Ka sa babbar riga. Ka wanke faratan nan, in sun ƙi fita ka ɓoye hannun a cikin riga. Abin da ya fi komai, ka kama bakinka. Na san ka, in aka taɓa maganar inji sai an yi sallar la'asar ba ka kai aya ba. Mai kaya ba ya magana in yana da dillali, kuma ni na riga na yi maganar.

Ka gaida Barira.
Yayanka,
Abdulsalami.

Lafia,
11 ga Afrilu, 1988.

Zuwa ga Yaya Abdulsalami,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya ƙafar? Allah ya ƙara sauƙi. Gara ka ji labarin nan daga gare ni kafin ka ji shi a bakin wani.

Takardarka ta yi mini ciwo, ban ɓoye maka ba, kwana uku ban ci abincin kirki ba. Amma kai ne babba, ban taɓa ƙaryata ka a gaban baƙo ba, sai na yi duk yadda ka ce. Na kai ta ƙofar gidan Alhaji Sha'aibu. Na sa rigar da na yi aure da ita. Na zauna a benci na naɗe hannu kamar wanda ya zo ta'aziyya.

Sun iso da hantsi. Mista Aloysius mutum ne mai natsuwa, ya gaishe ni da Hausa mai kyau. Francis kuwa ya buɗe bonet ya shiga aiki, ya leƙa nan, ya ƙwanƙwasa can, ya kwanta a ƙasa ya fito. Ya tayar da ita, ta amsa da bugu ɗaya. Duk wannan ban ce uffan ba, ka tambayi Alhaji.

Sai Francis ya ɗora yatsa a kan murfin famfon ruwa ya kira ubangidansa ya ce, “Oga, zo ka gani. Wannan na orijinal, daga faktiri. Dubi yadda ya yi sumul. Mutanen mu ba zai iya wannan ba, ko shekara ɗari ka ba shi.”

Yaya, murfin nan ni na sassaƙa samfurinsa da icen maɗaci. Iorchia mai zuba tukwane a bayan kasuwa shi ya narka tsofaffin tukwanen alminiyam ya zuba shi a yashi. Sau shida muna yi yana fashewa, na bakwai ya tsaya, na yi mako biyu ina gogarsa da hannu. Ga mutum a gabana yana yabonsa yana zaginmu a numfashi ɗaya.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, “Mista Aloysius, a garinmu ko akuya za ka sayar sai ka nuna wa mai saye aibinta, in ka ɓoye cinikin bai halatta ba. Bari in nuna maka aibin motar nan.” Akwai guntun alli a aljihuna, irin wanda muke yi wa inji alama da shi. Na tuɓe babbar rigar na rataya a ƙofar Alhaji, na zagaye murfin da alli. Na zagaye mariƙin kafireta. Na zagaye ƙafar fitilar hagu, da hannun giya, da rabin ƙofar direba da na buga da guduma daga bodin wata matacciyar mota. Kujerun ma na gaya masa Mahmuda baduku ne ya ɗinka su da fatar da aka jeme a nan. Wuri ashirin da uku na zagaye. Kowanne na faɗi wanda ya yi shi da shekarar da aka yi.

Francis ya ce ƙarya nake. Sai na ɗebe su muka tafi rumfar Iorchia, ya zaro samfurin icen daga ƙarƙashin buhu, ya kuma fito da fasassun nan shida, ashe bai zubar ba. Francis ya juya su a hannu ya juya. Iorchia ya ce masa, “Oga injiniya, in kana son tukunya ma akwai.”

Mista Aloysius bai yi dariya ba. Ya tambaye ni, “To ina Baturen Kaduna?” Na sunkuyar da kai na ce ban san shi ba. Ya yi mini sallama suka shiga mota suka tafi, ko tayi bai yi ba.

Na san na ɓata maka. Ka yi haƙuri.

Ƙanenka,
Kalilu.

Jos,
22 ga Afrilu, 1988.

Kalilu,

Barka da shan ruwa. Ba don azumi ba da ka ga abin da zan rubuta.

Ka watsa mini ƙasa a ido. Shekara ashirin ina sayar da motoci a garin nan ba wanda ya taɓa kama ni da magana biyu, sai ɗan'uwana da na goya. Shekaranjiya na hango motar Mista Aloysius a hanyar kasuwa, ni da furfurata na faɗa shagon mai ɗinki na tsaya ina taya yadin da ba na so.

Kuma kada ka zo mini da maganar aibin akuya. Ni na raine ka. Mai nuna aibi kansa a ƙasa yake yi, kai kuwa Alhaji Sha'aibu ya aiko mini cewa kana zagaye ƙarafan nan kana washe baki har kunne. Tsoron Allah ne ya sa ka faɗi shekarar da aka yi kowanne? Fahariya ce, Kalilu, tun kana yaro haka kake.

Mutumin bai neme ni ba, ni ma ba ni da idon zuwa wajensa. Na cire hannuna. Ka riƙe akurkinka.

Abdulsalami.

Lafia,
4 ga Mayu, 1988.

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum, barka da shan ruwa. Gaskiyarka, fahariya ce. Na yi istigfari a kan rabinta, ɗaya rabin kuwa har yanzu daɗinsa nake ji. Shekara bakwai na rayuwata ne a cikin motar nan, Yaya. In ido ya tafi ba zan sake yin irinta ba, kuma ba na so a ce wani Baturen da ba a haifa ba ne ya yi ta.

Ga labari. Jiya Talata Mista Aloysius ya dawo shi kaɗai, ya same ni a gareji da baƙin mai har gwiwar hannu. Ya ce a ba shi makulli. Shi ya tuƙa, ina gefensa, muka yi hanyar Assakio muka dawo, kuma ya iya, bai wahalar mini da giya ba. Da muka tsaya ya ce yana so, amma ba zai biya abin da ya yi niyya da farko ba, tunda ba duka ce ta kamfani ba. Ragin ba kaɗan ba ne. Na ce wannan gaskiya ne, ban ji haushi ba.

Ya miƙo hannu mu ƙulla, ban karɓa ba. Na ce masa cinikin nan a hannun yayana yake, shi ya fara shi, ba zan sallama a bayan idonsa ba. In kai ba ka je ba, Barkono tana nan inda take. Ya ce ƙofarsa a buɗe take.

Na san abin da nake roƙonka ba ƙarami ba ne.

Ƙanenka mai taurin kai,
Kalilu.

Jos,
29 ga Mayu, 1988.

Kalilu,

Barka da sallah. Ka riga ka san na je, tunda ka ga babbar motar da ta zo ɗaukarta. Abin da na faɗa wa mutumin a ofishinsa tsakanina da shi ne, kada ka tambaye ni. Na dai sha kunya, kuma ban mutu ba. Na sallama da sunanka, kuɗinka suna hannun Alhaji Sha'aibu.

Jiya Asabar ya fito da ita gaban otal, ya aika a kira ni. Mutane suka taru har da Turawa biyu masu aikin ma'adinai. Ɗayansu tsoho ne, ya ce ya taɓa ganin irinta sau ɗaya tak a ƙasarsu. Ya sa aka buɗe bonet, ya daɗe yana kallo, aka tayar ya kasa kunne. Sai ya ɗago ya tambaya wane kamfani ne ya yi wannan aiki.

Mista Aloysius ya buɗe baki zai amsa, na riga shi. Na ce ba kamfani ba ne, Kalilu Makanike ne na bayan tashar Lafia, ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Jumai ta ce wai har a bakin titi an ji muryata.

Ka shirya ka zo a duba idon nan a nan, na yi magana da likita. Ka zo da kayan aikinka a jiki in ka ga dama, ba wanda zai ce ka ɓoye hannu.

Yayanka,
Abdulsalami.