Ruwan Sabulu Na Zuba a Birkin Motar Babanmu

Assalamu alaikum Anti mai shafi, da ku masu karatu. Don girman Allah a ɓoye sunana, sunayen da zan ambata ma na canza su. Kuma ina roƙonku ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni. Daga Damagaram nake rubutowa.

Ranar da abin ya fara ina dawowa ne daga unguwar Kara-Kara a motar Babanmu, na kai wa wata 'yar'uwarmu saƙo. Akuya ta gilma, na taka birki, sai na ji ƙafata ta nutse kamar na taka tuwo. Na ɗaga na sake takawa, na sake, kafin motar ta yarda ta tsaya. Amma kun san me na fara tunawa? Wallahi ba mutuwa ba ce. Rantsuwar Baba na tuna.

Motar ta hannu ce, 'yar Kwatano, Baba ya saye ta da ya aje aiki. Dillalin ya ce masa wai wata tsohuwar Baturiya ce ke zuwa kasuwa da ita kawai. Innarmu ta ce to lalle kasuwar tsohuwar nan a bayan duniya take. Tun da ta shigo gidanmu wata bai taɓa mutuwa ba sai ta leƙa garaji: yau batir, gobe fanfon esansi, wato fetur, jibi wani ƙarfe da ko sunansa ban iya faɗa ba, kuma sai an aiko da shi daga Kano. Mu sha miya ba nama, ita ta ci sabon piyes, wato kayan gyara. Mai gyara ta shi ne Baba Kiari, aminin Baba tun suna makarantar allo, shi ya yi mini huɗuba da aka haife ni. Gyaran ƙarshe da ya yi mata har da birki, kuma sai da Baba ya sayar da ragon da yake kiwo don Layya. Ranar ya dawo ya jefa makulli kan tabarma ya ce, "Wallahi tallahi, in motar nan ta sake taka ƙofar garaji, ba za ta sake kwana a gidan nan ba." Babanmu kuwa bai cika rantsuwa ba, in ya yi ba ya warwarewa.

Za ku ce to mene ne, a sayar mana a huta. Ni ce ba zan huta ba. Na faɗi bak, jarrabawar gama sakandare, ƙawayena duk sun wuce jami'a, ni ina gida ana kallona da tausayi. Da idon Baba ya raunana sai ya sa na yi permi, lasisin tuƙi. Daga nan na zama mutum. Ni ke kai shi asibiti, ni ke kai Inna biki, a unguwa ana cewa "ga shofer ɗin Alhaji." In motar ta tafi, ni wace ce? Na san wannan ba hujja ba ce. Ina faɗa ne don ku san irin wautar da ke cikin kaina.

Ba zan iya zuwa wurin Baba Kiari ba, ba ya ɓoye wa Baba komai. Wani garajin kuma, garin nan wa bai san motarmu ba? Sai na tsaya gefen tasha na roƙi wani direba mai yin hanyar Dogo ya duba mini. Ya buɗe gaban motar ya leƙa, ya yi dariya.

"Hajiya ƙarama, man birkinki zurara yake. Wannan tsohuwa ai ta girme ki, ki kai ta asibitinta."

Na ce, "Ba hali yanzu. Ba wata dabara?"

"Ki riƙa ƙara mai. In ya yanke miki a daji, mu garin sabulu muke kaɗawa a ruwa mu zuba. Amma ki ji ni da kyau, na kai-ni-gida ne, ba na zama ba ne."

Ya gaya mini gaskiya, ba ni da abin da zan ɗora masa. Na riƙa sayen man da ɗan abin da nake samu a kitso, motar na shanyewa kamar rairayi, har na gaza. Sai na koma sabulu. Da Baba ya fita majalisa sai in kaɗa a kofi in zuba, in share ƙasa da ƙafa. Birkin na kamawa, ni kuma ina ce wa raina gobe zan faɗa, gobe zan faɗa. Wace irin zuciya ce ke ɗaukar mahaifinta a mota tana sane da haka? Tawa ce.

Sai aka yi haihuwa a danginmu na Gidimuni, Baba ya ce in kai ƙanwarsa Ya Fanna suna. Na ce kaina na ciwo. Ya Fanna ta ce, "Ciwon kan gidanku! Tashi, shofer, ni ba zan shiga motar haya in isa ina warin awaki ba." Ta shigo gaba da kwandon turaren wuta da kwalaben humra a cinya, tana ta ba ni labarin wanda za ta haɗa ni da shi a can. Mun kusa gari, har mun fara hango dabinon bakin tafki, sai ga amalanken shanu maƙare da rake ya hau kwalta. Na taka. Babu komai. Ƙafata ta tafi har ƙasa. Na buga, na buga, Ya Fanna na cewa "ke, ke, ba ki gan shi ba?" Na ga fuskar mai amalanken, dattijo ne, ya saki igiya ya ɗaga hannu biyu. Ban san sanda na murɗe sitiyari ba. Muka sauka cikin yashi, muka tafi, muka tafi, sai da kututturen giginya ya tare mu.

Abin da na fara ji ƙamshi ne, humra ta fashe ta cika motar. Sannan muryar Ya Fanna tana salati, hannunta na dama ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwashewa. Kun san me ta ce mini? "'Yar nan, ke lafiyarki ƙalau?" Manoma suka fito daga garake, lambunansu na rake, suka ciro mu, jandarmomi suka zo, aka dawo da mu Damagaram. Duk wanda ya tambaye ni sai in ce birki ne ya ƙi. Ban yi ƙarya ba, ko? To me ya sa nake jin kamar na yi?

Jiya bayan la'asar ina kwance a asibiti likita ya shigo da hoton ƙirjina ya ce ba abin da ya karye, sai tsamin jiki. Ya Fanna an ɗaure mata hannu, sun ce zai warke amma da wuya ya koma yadda yake, ita da ke haɗa turare da shi take ci. Baba ya zauna bakin gadona ya ce jandarmomi sun rufe maganar, mai amalanken ma ya shaida ƙoƙarin da na yi. Muna cikin haka sai ga sallamar Baba Kiari, ya zo da ledar lemu, ko rigar aiki bai cire ba. Baba bai amsa ba. Baba Kiari ya sake sallama. Baba ya miƙe ya tare ƙofa ya ce, "Kiari, na sayar da ragona na ba ka, ka ce mini ka gyara. Da 'yata da ƙanwata ka yi wasa?" Ya ce, "Alhaji, bar ni in ga motar tukuna." Baba ya ce, "Hannunka ba zai sake taɓa abina ba. Kuma duk wanda na kai maka, zan je in gaya masa da bakina."

Rabin masu kai masa gyara abokan aikin Baba ne. Tsohon nan ya aje ledar a bakin ƙofa, ya leƙo ta saman kafaɗar Baba ya ce mini, "Sannu 'yata. In hannuna ne ya yi kuskure, ki yafe mini."

Na buɗe baki, wallahi na buɗe. Ba abin da ya fito. Baba ya dawo ya dafa kaina ya ce, "Kwanta abinki, ke kin fita. Ba ki da laifin komai."

Ranar Juma'a abokan Baba ke haɗuwa a majalisa. In na yi shiru, abincin bawan Allahn nan ya tafi, da amincin da ya girme ni. In na faɗa, da wane ido zan kalli Ya Fanna, kuma wa zai sake yarda da ni a gidanmu? In fara zuwa wurin Baba Kiari ne, ko Inna, ko in durƙusa gaban Baba kai tsaye? Don Allah iyayena da yayyena na shafin nan, Juma'a ta kusa. Me zan yi?