Katangar Ɗakin Inna

Zuwa ga ƙanena Umaru,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajara da yara. Yaya Kumasi, yaya kasuwa? Mu nan Jega lafiya lau, sai gajiya.

Katangar gabas ta ɗakin Inna, wadda Baba ya gina da hannunsa, ta tsage. Na kira Ɗan'ige magini daga Aliero. Da safe ya cike tsagar da ɗanyar laka, da la'asar ya shafe ta da siminti. Na ce, "Ɗan'ige, ba a bari ƙasa ta sha rana?" Ya ce, "Malam, wanga zamani na siminti na, ƙasa ba ta da ta cewa."

Ashe tana da ita. Ruwan farko simintin ya ɓamɓaro kamar ƙanzo, ya tafi da rabin katangar. Allah ya kiyaye, Inna tana wajen awakinta.

Sau uku muna zuwa gaban mai unguwa. Ɗan'ige ya ce ruwa na Allah ne. Na ce gaggawar fa, ta wa ce? Da aka ce ya sake ginin, sai ya ce a jira kaka, don ƙasa tana son rana. Yau ya san rana!

Mun kafa zana a inda katangar ta faɗi. Na roƙi Inna ta dawo ɗakina, ta ce ba ta barin inda mijinta ya aje ta. Yanzu kowa na roƙon ruwa, ni kuwa hadari ya taso sai in ruga duba rabin katangar da ya rage.

Ka sa mu a addu'a, sauran rabin ya kai kaka. A gaida Hajara da maƙwabta.

Yayanka,
Bello