Istifanus Ne, Ba Usman Ba

Tarabulus, Libiya

Mama,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji. Ya ƙafar taki? Ya ƙanwata Miriam da mutanen layinmu na Gyadi-Gyadi? Ni ƙalau nake, ina sayar da kayan waya, ba na kwana da yunwa.

Akwai 'yar magana, gara in rubuta da ki ji muryata. Kin san halina. Tun da fasfo ɗina ya salwanta a sahara, da wayo nake rayuwa: a kasuwa ni Usman ne ɗan Nijar, gaban 'yan sanda kuwa ɗan Chadi. To, an yi mini haihuwa, mace. Asibiti sun ce ba za su rubuta ta ba sai uba ya nuna takarda. Na je ofishin jakadancinmu na zuba musu Hausa, jami'in ya ce, "Malam, 'yan Maraɗi ma haka suke yi. Wa ya san ka?" Mama, duk surutuna, haka na fito babu takarda.

Don Allah ki duba akwatin ƙarfenki ko katin baftismata yana nan. Ki kai wa Mai Unguwa ya rubuta cewa a gidanmu aka haife ni, Kawu Victor ya yi rantsuwa a kotu, ku turo mini. Da su za a ba ni fasfo. Kada Fasto ya ji zancen Usman.

Yarinyar sunanki na sa mata, Naomi, amma har yau babu inda aka rubuta shi.

Ɗanki,
Istifanus