Ya shafa wa tsohon ƙarfen feda fenti ya ce sabo ne

Anti, ki taimake ni, raina a ɓace yake. Aikina duba bututun ruwa a saman tsauni, da keken hawa dutse mai batir nake zuwa. Hannun feda, wato ƙarfen da ke riƙe da feda, wanda ya zo daga kamfani, ya sha dukan duwatsu har ya fara ƙara. Na sayi sababbi biyu na kai wa mijin ƙanwata, tunda gyaran keke ne sana'arsa. Ya ce ya canza. Bayan sati uku, ina gangarowa a tsaye, na hagu ya karye. Ɗinki tara a ƙaurina. Ya zo dubiya har yana zagin masu kayan jabu, ni kuma sakarai ina taya shi. Jiya na je gidansu, sai ga sababbin ƙarafana a jikin kekensa. Na gane su, don 'yata ta ɗiga musu jan farce tun a kwali. Ashe tsofaffin ya shafa wa fenti! Mutumin da ni na tsaya masa ya samu ƙanwata. In faɗa mata ne, ko in haɗiye?

Mai ɗingishi

Mai ɗingishi, sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Mu fara da keken. Ƙarfen kamfani ba duka ne banza ba, amma wanda ya lanƙwashe ko ya tsage ya gama aiki, kada a miƙe shi, kada a yi masa walda. Canza duka biyun, ka nemi gajeru kaɗan don su rage dukan dutse, a ɗaure a gaban idonka, ka sake duba notin bayan hawa biyu.

Shi kuwa surukin naka, wataƙila ya ɗauka tsofaffin za su kai shekara, ba niyyar karya ka ya yi ba. Amma ya ga ɗinkin ya ɓoye gaskiya, wannan ya fi musayar muni. Kada ka fara da ƙanwarka. Same shi shi kaɗai, ka ajiye karyayyen ƙarfen a kan teburinsa, ka ba shi kwana uku ya faɗa mata da bakinsa. In ya ƙi, ka faɗa, domin ita ma in tana da keke, shi ke ɗaure mata birki. In ya tuba ka yafe, zumunci ne. Amma kekenka kada ya sake taɓawa. Allah ya ba ka lafiya.