Sawun da Ya Yi Gaba

Yarlpiri, 3 ga Mayu

'Yata Renita,

Gaisuwa mai yawa. Ya karatu, ya jikin kakarki da wankin ƙoda? Ƙannenki suna lafiya, sai ɓarnar sukari.

Gunkin jiminar da mutanen gari suka sa ni ƙerawa don bakin makaranta ya kusa ƙarewa. Da tsofaffin ƙarafan mota na yi shi. Amma labarin Kakan Jimina na kakarki ne, in ba ta yarda ba, ba mai kafa shi. Kin san suruki ba ya magana da uwar matarsa, ko ido ba ma haɗawa. Shekara ashirin mahaifiyarki ce ke kai mana magana, yanzu da ta rasu ko sunanta ba ma kira.

Ga hoto na sa miki. Na san a labarin namiji ne kaɗai ya yi kiwon 'ya'yan, amma na ƙera manya biyu. Hannuna ya ƙi barin mahaifiyarki a waje. Ki nuna wa kakarki a hankali.

Mahaifinki,
Clifton

Alice Springs, 14 ga Mayu

Baba,

Ina gaishe ka da aiki. Kaka da sauƙi, har faɗa take da masu jinya wai shayinsu ruwan wanki ne.

Na nuna mata hoton. Ta daɗe tana kallo, sannan ta juya wajen butar shayi ta ce, "Ke buta, ki gaya wa wani maƙeri ƙafafun nan kamar na kujera."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ɗora yatsa a kan ta biyun ta ce, "Wannan ba ta cikin labarin. Uwar ta yi gaba neman ruwa, uban ya zauna kan ƙwai har ya rame. Haka kakata ta ba ni, haka zan bayar. Ba a gyara labari don zuciya ta yi zafi."

Na ce, "Haba Kaka, ai 'yarki ce."

Ta ce, "Ni na haife ta ko ke?"

Baba, haushi ya kama ni, na fita. Da na dawo na tarar ta zana wani abu a bayan hoton: sawun jimina, yatsu uku uku, sun wuce gaban 'ya'yan sun nufi yamma. Ta ce, "Wanda ya yi gaba ba a ganinsa, sawunsa ake bi. A sa a siminti." Idonta ya yi ja, ta ce wai hayaƙi ne, alhali ko ashana babu a ɗakin.

Ga hoton na dawo maka da shi. Ranar buɗewa ina da jarrabawa, amma ita ta rantse sai ta zo.

'Yarka,
Renita

Yarlpiri, 9 ga Yuni

Renita,

Gaisuwa. Na cire ta biyun, kwana uku ina jan ƙafa kafin na iya. Da ƙarfenta na ƙera abin da na buga sawun a siminti.

Jiya aka buɗe. An gasa wutsiyar kangaru, mata sun yi waƙar labarin. Da motar asibiti ta kawo kakarki, na koma bayan tankin ruwa kamar yadda ya kamata. Inna Maudie ta ce kakarki ta bi sawun da sandarta ɗaya bayan ɗaya har inda suka ƙare. Sauran kuwa da kunnena na ji. Ta bubbuga ƙarfen ta ɗaga murya yadda zai kai bayan tanki:

"Kai tsuntsu, ƙafafunka dai sai a hankali. Amma ka iya riƙon 'ya'ya. Na gani."

Na rasa wanda zan ba amsa, sai na ce wa tankin na gode.

Ki yi karatu da kyau.

Mahaifinki