Ranar da Aka Kifar da Kaskon Miyoba

Lahadi, 7 ga Mayu

Yau Fasto Kapambwe ya faɗa daga kan mumbari: zai tsaya takarar shugaban majalisar gari. Coci ya kusa tsagewa da guɗa. Ni kaina sai da ɗankwalina ya faɗi. Ya ce tun da aka kafa garin nan mashaya da mazinata ke hawa kujerar, lokaci ya yi da Yesu zai zauna a kanta. Amin! Mu zumuntar mata aka ba aikin shiga gida-gida, kuma ni ce shugaba.

Da yamma na biya wurin Yaya Musonda in yi masa albishir. Da na sani ban je ba. Yana ɓare gyaɗa, ko kai bai ɗaga ba. Wai, "Nkandu, Yesu ne zai zauna a kujerar ko Kapambwe?" Na ce Yaya, ka ji tsoron Allah. Ya ce tsoron Allah ne ya sa ya tambaya. Wai shi ma dattijo ne a cocinsu, amma coci daban, majalisa daban, wanda ya cakuɗa su ya ɓata duka biyun. Tsohon malamin firamare, har yau gani yake kowa ɗan aji ɗaya ne. Cocin nasu da ake waƙa kamar ana jana'iza! Na tashi na bar masa gida, ko tuwon matarsa ban taɓa ba.

Alhamis, 18 ga Mayu

Ƙafafuna sun kumbura da yawo. Wata a bayan tasha ta rufe mana ƙofa a fuska. Allah ya shirye ta, in kuma ba mai shiryuwa ba ce, ya san yadda zai yi da ita.

Har Miyoba sai da ta ɓata mini rai. Tun ɗana Lombe yana goye muke zaune gefe da gefe a kasuwa, ni da tumatir, ita da kaskon suyar kifi. Sujadar Asabar take yi, daga faɗuwar ranar Juma'a har faɗuwar ranar Asabar ba ta taɓa kasko. Ban taɓa sa mata baki ba. Na miƙa mata hula mai hoton Fasto, ta karɓa ta hau fifita gawayi da ita.

"Ƙawa, in ya ci wa zai riƙa yi muku wa'azi?"

Na ce shi.

"To wa zai gyara mana magudanar kasuwa?"

Na ce shi mana.

"Allah ya ba shi ƙafa huɗu."

Mata suka kwashe da dariya. Ni ban ga abin dariya ba.

Asabar, 10 ga Yuni

Ya ci! Ya ci! Muryata ta dishe. Yaya ya zauna da gyaɗarsa.

Laraba, 21 ga Yuni

An buɗe zaman majalisa da addu'a da shafa mai a ƙofofi, mun je mun yi waƙa. Doka ta farko: ranar Lahadi ba ciniki a kasuwa, ba shago, ba tebur. Ranar Ubangiji ce. An ɗauki matasan cocinmu su tabbatar da ita, an ba su riguna masu tambarin majalisa. Lombe yana ciki. Tun da ya gama kwaleji yake zaune a gida yana kallon bango, yau ga shi da aiki. Da ya sa rigar sai da na yi hawaye. Ina ma ubansa yana raye.

Alhamis, 22 ga Yuni

Miyoba ba ta yi mini wasa yau ba. Ta ce, "Asabar na ba Allah da kaina. Lahadi kuma fastonku ya ƙwace. Ma'aikatan ma'adinai a waɗannan ranakun suke fitowa cefane. Jikokina fa, Nkandu, wa'azi za su ci?"

Na ce ta koma yin sujada ranar Lahadi kamar kowa, magana ta ƙare.

Ta dube ni, ta daɗe tana dubana. "Kamar kowa," ta ce. Sai ta juya kifinta.

Wannan taurin kai nasu ne ke ba ni haushi. Ƙasa ta Kirista ce, gari na Kirista ne. Wa ya hana ta addininta? Ba wanda ya hana ta.

Lahadi, 2 ga Yuli

Sanyi kamar me. Kasuwa shiru, coci maƙil, har a waje mutane suka tsaya. Fasto ya ce ga amfanin sa mai tsoron Allah a gaba. Wasu dai na lura 'yan kwangila ne da ban taɓa gani a coci ba, sun zo da sababbin Littattafai Masu Tsarki, suna neman inda zai gan su. Ba ruwana.

Lahadi, 16 ga Yuli

Ban san ta inda zan fara ba.

Muna tsakiyar waƙar baiko, ana tara sadakar coci, wata ta taɓo ni ta ce in fito. Miyoba ta buɗe tebur da safe. Masu riguna suka je suka ce ta kashe wuta, ta ce in ta gama kaskon da ke kai. Aka yi ta ja-in-ja. Kasko ya kife a kanta. Mai yana tafasa.

Na same ta a asibiti. Hannun dama tun daga kafaɗa, da cinya. Zanen ya manne da fata, sai da aka yanke shi. Ba ta yi kuka ba, haƙoranta ne kawai ke kaɗawa. Ta gan ni ta rufe ido.

Ita ma me ya kai ta? An faɗa mata! An faɗa mata!

Lombe bai dawo cin abinci ba.

Litinin, 17 ga Yuli

Na tsare Lombe da safe yana ƙoƙarin sulalewa. Da fari wai shi yana baya. Daga baya wai tebur kawai ya riƙe. Na ce dube ni, Lombe. Sai ya zauna a bakin ƙofa ya sa kai cikin gwiwa.

"Murhun na shura, Mama. Shugabanmu na masu riguna ya ce mu nuna musu ba wasa. Ban yi zaton kaskon zai..."

Matar da ta goya shi lokacin da na yi zazzaɓin da ya kusa kai ni. Matar da ke ajiye masa kan kifi tun yana rarrafe. Na mare shi. Rabona da dukansa tun yana firamare. Bai ko kare fuska ba, wannan ya ƙara ƙona mini rai.

Laraba, 19 ga Yuli

Na je ganin Fasto. A coci aka ce yana majalisa. A majalisa aka ce in jira, wata yarinya mai dogon farce tana tambayata ko ina da alƙawari da shi. Ni da na wanke masa labulen bagade shekara da shekaru!

Da na shiga ya yi murmushi. "Maman Lombe, wa kika zo gani, fasto ko shugaba?"

Na ce duk wanda zai ji ni. Na faɗa masa komai. Na ce yaran nan an sa musu riga an sake su kan mutane ba tarbiyya, a dakatar da su, a je a duba matar nan, a ɗauki nauyin jinyarta.

Ya ce a matsayinsa na shugaba, doka doka ce, ita ta karya, kuma ba zai bari a ce majalisa ta amsa laifi ba. A matsayinsa na fasto kuwa, yana ba ni shawara in yi shiru in yi addu'a, domin maƙiyan bishara kunne suka kasa. Sai ya rage murya: "Ki tuna ɗanki ne a gaba. In magana ta fito, ba ni za a ɗaure ba."

Ya kama hannuna zai yi addu'a. Na bar shi ya yi. Ban ji ko kalma ɗaya ba.

A hanya nake ta tunani. Da can in majalisa ta zalunce mu, wurin Fasto muke kai kuka, ya sa kwat ya je ya buga musu tebur. Lokacin da suka so rushe rumfunanmu shi ya tsaya. Yanzu in kai ƙarar wa, wurin wa?

Alhamis, 20 ga Yuli

Yaya ya aiko matarsa da kunu a kai wa Miyoba. Bai aiko mini da magana ba. Gara ya zage ni.

Juma'a, 21 ga Yuli

'Yan sanda sun je asibiti sun tambaye ta wa ya shuri murhun. Ina zaune a gefen gado. Ta ce hayaƙi ya cika mata ido, ba ta ga fuska ba.

Da suka fita na ce, "Kin gan shi."

"Na gan shi."

"To me ya sa?"

"Ke ki rabu da ni, ƙawa. Gyara mini matashin nan."

Na gyara. Na fito cike da haushi. Wa ya roƙe ta? Wa ya ce ta ɗora mini wannan kaya? Da ta faɗa, da na san abin da zan yi, in yi kuka, in nemi lauya, in tsane ta. Yanzu fa?

Lahadi, 23 ga Yuli

Wa'azin yau a kan wuta ne. Bai kama suna ba, amma har yaran makarantar Lahadi sun san wa yake nufi. Wai wadda ta hura wuta a ranar Ubangiji, wutar ta ba ta ɗanɗano tun a duniya. Wai hannun Allah ne. Hannun Allah! Ƙafar ɗana ce, ni na haife ta, na san lambar takalminta.

Coci ya ɗauki Amin. Matan da suka sha cin kifinta kyauta suna ɗaga hannu sama. Mataimakiyata ta zungure ni wai ban amsa ba. Na ce maƙogwarona ke ciwo.

Bayan sujada aka sanar cewa majalisa za ta karɓe teburin duk wanda ya karya dokar. A coci aka sanar. Tsakanin sanarwar azumi da ta bikin aure.

Talata, 25 ga Yuli

Lombe ba ya cin abinci. Rigar kuma bai cire ba, wai in ya ajiye za a ce shi ne. Na ce ai kai ne.

Alhamis, 27 ga Yuli

An sallami Miyoba. Likita ya ce hannun zai daɗe kafin ya ɗaga cokali, balle kasko. Na kai mata garin masara da ganye. Gidan ba wuta. Jikokin suna zaune a rana kamar kaji. Babbar ta ce rabonsu da miya tun ranar.

Mutanen cocinsu suna zuwa, suna kawo abin da suka samu, suna kallona ta wutsiyar ido. Wani dattijonsu ya fara yi mini karatu a kan wace rana ce ta gaskiya. Na ce Baba, don Allah ba yau ba. Su ma in aka ba su kujerar nan, na rantse Asabar za su rufe mana. Na faɗa wa Miyoba haka. Ta yi dariya har ciwon ya motsa.

"Shi ya sa ba a ba kowa, ƙawa."



Lahadi, 30 ga Yuli

Ban je coci ba. Kaina ke ciwo, shi ke nan.

Mai kawo wa Miyoba kifi daga tafki ya iso jiya da yamma da kwando, bai san abin da ya faru ba. Ya rasa inda zai kai, ya sauke a ƙofata. Kifi ɗanye. Zuwa Litinin sai dai a zubar. Me ake so in yi?

Na ɗauki murhunta da wani kasko nawa na tafi kasuwa. Ba kowa sai karnuka. Na hura gawayi. Ban iya suyarta ba, na farko ya ƙone. Kafin in juya na biyu mutane sun fara fitowa, ban san daga ina ba. Ba mai magana, kowa ya saya ya wuce da sauri.

Sai ga masu riguna. Shugabansu, yaron da na koya wa haddar ayoyi, ya tsaya a gabana. "Mama, ke ce?"

Na ce ni ce. Lombe yana can baya. Na kira shi da sunansa. Na ce, "Zo nan. Ga murhu, ga mai ya yi zafi, ga uwarka. Ka san yadda ake yi."

Bai zo ba. Can ya juya ya kama hanya, ba ta coci ba, ba ta gida ba. Sauran suka dubi juna. Shugaban ya ce zai kai rahoto. Na ce ka kai, ka gaishe su duka biyun, da faston da shugaban.

Yaya ya zo wajen azahar da sandarsa. Ya sayi biyu, ya ce gishiri ya yi yawa. Iyakar abin da ya ce ke nan. Tsohon nan zai kashe ni da haushi.

Na kai wa Miyoba cinikin. Ta ce warin ƙonewa nake yi.

Da yamma mataimakiyata ta zo wai dattawan coci suna nemana ranar Laraba, in zo da makullin ɗakin zumunta. Na ciro na ba ta tun yanzu, kada ta sha wahalar dawowa.

Ban bar coci ba. Ban koma cocin Asabar ba, Allah ya kiyaye. Lahadi ranar Ubangiji ce, a kan haka zan mutu, kuma na yi addu'ata kafin in fita. Kifi ne kawai ba ya jira.

Na ce wa mutumin tafki mako mai zuwa ya kawo kwando biyu.