Liyafar da Babu Tabarma

Jibiya, daren Asabar, ƙarshen Disamba 1956

Yau kamfanin gyaɗa ya tara mu masu awo, wai liyafar ƙarshen shekara. Na sa babbar rigata na tafi. Babu tabarma, babu ruwan wanke hannu. An jera abinci bisa dogon tebur, kowa ya ɗauki faranti yana ci a tsaye, yana yawo kamar akuya a kasuwa.

Akawu ya raɗa mini, "Baba, ka zaga ka gaisa da Baturen kamfani. Yau zai zaɓi mai riƙe sikelin awo na garin Gangara baɗi." Na ce, "Yaro, ubana bai taɓa cin tuwo a tsaye ba."

Na shimfiɗa buzuna gindin katanga, na zauna, na yi bisimilla. Bature ya wuce ni, ko ƙasa bai duba ba. Ina kallon Ɗanjuma, wanda ni na koya wa ɗinkin buhu, yana bin shi yana dariya, baki cike da nama. Kafin magariba an ba shi sikelin Gangara, wanda nike riƙe da shi tun kafin yaƙin duniya.

Tsohuwata ta ce gobe in je in ba da haƙuri. Haƙurin mi? Don na zauna?